Mahaɗin farfelar mota

Mahaɗin farfelar mota wani ɓangare ne na ƙarfe ko na roba da ke haɗa sandunan da ke ɗauko ƙarfin inji daga giyabos zuwa tayoyi. Yana barin sanda ta ci gaba da juyawa ko da ba ta miƙe ɗoɗar da wadda aka haɗa ta da ita ba, kuma wasu nau'o'insa suna shanye girgiza da fizgar da ke tasowa idan an saki kuloci ko an taka totur da ƙarfi. Ana samun sa a ƙananan motoci, da bas, da tifa, da tarakta, da kuma motocin gudu masu manyan injina. Masu ƙara wa inji ƙarfi sukan sauya mahaɗin da kamfani ya sa da wanda ya fi shi tauri. Sai dai kamfanonin mota da gangan suke sa mahaɗi ya zama mai sassauci, don haka duk taurin da aka ƙara masa yana tura nauyi ne zuwa wani ɓangaren da ke kusa da shi.

Suna

Makanikai a ƙasar Hausa suna kiran doguwar sandar da ke bi ta ƙarƙashin mota daga giyabos zuwa aksul na baya da sunan farfela. Gajerun sandunan da ke shiga tayoyin gaba kuma shaf ake ce musu. Mahaɗi mai hannu huɗu da ke bakin farfela shi ne kuros, mahaɗin da ke bakin shaf kuwa kan shaf, robar da ke rufe shi kuma robar shaf. A Turai ana jingina kuros ga Gerolamo Cardano ko Robert Hooke, shi ya sa a Faransa da Jamus ake kiran farfela da sunan da ya samo asali daga Cardano.

Aikinsa

Inji da giyabos suna zaune ne a jikin mota a kan kujerun roba, su kuwa tayoyi hawa da sauka suke yi gwargwadon yanayin hanya. Saboda haka tazarar da ke tsakanin giyabos da aksul tana canzawa a kowane lokaci, haka ma kusurwar da ke tsakaninsu. Da za a haɗa su da sandar ƙarfe ɗaya wadda ba ta lanƙwasa, to da ramin farko zai karya ta ko ya fasa giyabos. Mahaɗi yana magance wannan ta hanyoyi uku:

Yana karɓar kusurwa, wato yana juyawa alhali sandunan biyu sun ɗan karkace.
Yana karɓar canjin tsawo, ta hanyar tsagi mai zamewa da ke barin farfela ta ƙaru ko ta ragu.
Yana rage fizga, idan na roba ne, domin inji ba ya ba da ƙarfinsa a sulale, bugu-bugu yake bayarwa duk lokacin da mai ya kama wuta a cikin silinda.

Tarihi

Masanin lissafi ɗan ƙasar Italiya, Gerolamo Cardano, wanda ya rayu daga 1501 zuwa 1576, ya yi bayanin wasu zobba da ke riƙe abu a daidaice ko da mazauninsa ya karkace. Bayan fiye da shekara ɗari, Robert Hooke na Ingila ya yi nazarin mahaɗi mai hannu huɗu, ya wallafa bayaninsa a 1676, kuma ya gano cewa sandar da ake juyawa ba ta tafiya da gudu ɗaya da wadda ke juya ta idan akwai kusurwa a tsakaninsu.

Motocin farko da yawa sarƙa suke amfani da ita, kamar keke. A 1903 Clarence Spicer na Amurka ya yi rajistar kuros mai murfi wanda ke riƙe giris ya hana ƙura shiga, ya kuma fara ƙera shi a 1904 a jihar New Jersey. Kamfaninsa ne daga baya ya zama Dana, kuma har yau da lambobin Spicer ake auna girman kuros a motoci da yawa.

A shekarun 1920 aka samu mahaɗin da ke juyawa da gudu ɗaya komai kusurwa. A Faransa Pierre Fenaille ya fito da nau'in Tracta a 1926, a Amurka kuma Alfred Rzeppa, injiniyan kamfanin Ford, ya ƙirƙiro mai ƙwallaye shida a daidai wannan lokaci. Wannan ne ya buɗe hanyar ƙera motoci masu ja da tayoyin gaba, irin su Citroën Traction Avant ta 1934 da Mini ta 1959.

Shi kuma faifan roba mai kusurwa shida, injiniya Antonio Boschi na birnin Milan ne ya inganta shi. Sunan giubo da ake kiran sa da shi an gutsuro shi ne daga kalmar Italiyanci mai nufin mahaɗi da kuma sunan Boschi. Motar Alfa Romeo 1900, wadda aka fara ƙerawa a 1950, tana cikin na farko da suka yi amfani da shi, daga nan ya bazu zuwa BMW da Marsandi.

Ire-irensa

Kuros

Kuros ƙarfe ne mai hannu huɗu, kowane hannu da kofinsa mai ɗauke da siraran allurai na boris. Hannu biyu suna shiga bakin sanda ɗaya, sauran biyun su shiga bakin ɗayar. Yana da ƙarfi, yana da araha, kuma makanike zai iya sauya shi da guduma da maƙa. Aibinsa shi ne wanda Hooke ya gano: a kowane juyi ɗaya, sandar da ake juyawa tana ƙara gudu sau biyu tana rage gudu sau biyu. A kusurwar digiri 10 bambancin kusan kashi 1.5 cikin 100 ne kawai, amma a digiri 30 gudun yakan haura da kusan kashi 15 ya kuma sauka da kusan kashi 13. Shi ya sa ake sa kuros biyu, ɗaya a kowane ƙarshen farfela, a jera bakunansu a layi ɗaya, a kuma daidaita kusurwoyinsu, don na biyu ya warware abin da na farko ya jawo.

Kan shaf

Kan shaf na waje, wanda ke jikin taya, yawanci nau'in Rzeppa ne: ƙwallaye shida a cikin keji, suna gudu a cikin kwari tsakanin zobe na ciki da ƙoƙo na waje. Yana iya aiki a kusurwar da ta kai digiri 45 ko fiye, abin da ya sa taya ke ja alhali an karya sitiyari. Na ciki, wanda ke jikin giyabos, sau da yawa mai ƙafa uku ne, kuma yana zamewa ciki da waje. Dukansu suna buƙatar giris na musamman, kuma rayuwarsu ta dogara ne kacokan ga robar da ke rufe su.

Faifan roba

Wannan faifai ne mai kauri, an yi shi da roba da zaruruwa a ciki, da ramuka shida masu bututun ƙarfe. Noti uku suna ɗaure shi da bakin giyabos, uku kuma da bakin farfela, bi da bi. Ba ya buƙatar giris, amma kusurwar da yake ɗauka kaɗan ce, digiri ɗaya zuwa biyu a aikin yau da kullum. Babban amfaninsa shi ne shanye fizga da hana ƙarar giya shiga cikin mota. Zafi, da baƙin mai da ke yoyo, da tsufa su ne ke cin sa.

Boris na tsakiya

Idan farfela ta yi tsawo akan raba ta biyu, a riƙe tsakiyarta da boris mai zoben roba. Dalili kuwa shi ne kowace sanda tana da iyakar gudun da idan ta kai shi sai ta fara lilo kamar igiyar tsalle, kuma iyakar tana sauka sosai idan sandar ta ƙara tsawo. Idan aka ninka tsawon, iyakar gudun takan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Nauyin da ke kansa

Giya tana ninka ƙarfin murɗar inji kafin ya isa mahaɗi. Alal misali, injin da ke ba da nuton-mita 200, idan giyar farko tana ninkawa sau 3.5, to farfela tana ɗaukar 700. Idan aksul ya ƙara ninkawa sau 4, tayoyin biyu suna raba 2,800 a tsakaninsu. Wannan a tafiyar lumana ke nan. Idan direba ya ɗaga inji ya saki kuloci farat ɗaya, ko taya ta yi ta juyawa a cikin yashi sannan ta cafki ƙasa mai tauri, bugun da ke sauka a kan mahaɗi yakan ninka wannan adadi.

Gudu ma yana da nasa nauyin. Tayar da kewayenta ya kai mita 2 tana juyawa sau 1,000 a minti ɗaya idan mota na gudun kilomita 120 a awa, farfelar kuma tana yin 4,000 idan aksul mai ninki 4 ne. A wannan gudun, rinjayen giram 10 kacal a gefe ɗaya na bututu mai faɗin santimita 8 yana jan farfela da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 7, kuma jan yana zagayawa fiye da sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Wannan ne ya sa ake ganin ƙananan ƙarafa da aka liƙa da walda a jikin farfela. Na balans ne, kuma faɗuwar guda ɗaya ta isa ta sa mota rawa.

Haɓaka mahaɗi a motocin gudu

Ana sauya mahaɗi da wanda ya fi ƙarfi ne idan an ƙara wa inji ƙarfi, ko an sa tayoyi masu kama ƙasa sosai, ko ana shiga tsere da motar. Akwai hanyoyi da aka saba bi.

Chevrolet Corvette

Corvette ta zuriya ta biyar, wadda aka ƙera daga 1997 zuwa 2004, injinta yana gaba amma giyabos ɗinta yana baya tare da aksul, don a raba nauyi daidai tsakanin tayoyin gaba da na baya. Wani ƙaton bututun alminiyam ne ya haɗa su, farfelar tana juyawa a cikinsa da faifan roba a kowane ƙarshe. Tun da farfelar tana gaban giyabos, tana juyawa ne da gudun inji kai tsaye. Injinta na farko mai lita 5.7 yana ba da ƙarfin doki 345, samfurin Z06 kuma ya kai 405 daga 2002. Kamfanin da kansa ya ƙara kaurin notunan faifan daga milimita 10 zuwa 12 a wajajen 2001. An ci gaba da wannan tsarin bututu a zuriya ta shida da ta bakwai har zuwa 2019.

Masu ƙara wa wannan mota ƙarfi suna da zaɓi uku: sabon faifan roba na asali, ko faifan roba mai tauri irin ta foliyuretan, ko faifan alminiyam tsantsa. Na alminiyam ba ya yagewa, amma kuma ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Idan aka sa shi a ƙarshe biyu, duk wata ƙaramar karkata da ke jikin bututu ko farfela tana sauka a kan boris, sai a samu girgiza da ƙara. Saboda haka da yawa sukan sa na ƙarfe a ƙarshe ɗaya su bar na roba a ɗayan. Aikin yana da wahala, domin sai an sauke aksul na baya da giyabos da bututun gaba ɗaya, shi ya sa akan haɗa shi da sauya kuloci da boris na cikin bututu a lokaci guda.

Lotus Elan

Ƙaramar motar gudu ta Ingila, Lotus Elan, wadda ta fito a 1962, tana da zobban roba huɗu masu suna Rotoflex a sandunan tayoyin baya. Suna murɗewa idan an taka totur sannan su warware, abin da ke sa mota ta riƙa fizga gaba da baya a hannun direban da bai saba da ita ba. Masu irin wannan mota da yawa sun maye gurbinsu da kan shaf mai ƙwallaye. Fizgar ta tafi, amma sai aka ga dole a taƙaita saukar taya don kada kan shaf ya wuce kusurwarsa, kuma bugun da roba ke shanyewa a da ya koma kan ƙananan sandunan da ke fitowa daga aksul.

BMW da Marsandi

A motocin BMW masu turawa da tayoyin baya, faifan roba yana bayan giyabos. Masu wasan juya mota, ciki har da matasan da ke yin sa a Kano da Kaduna da Abuja, sukan yage shi da wuri saboda yawan sakin kuloci da ƙarfi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ɗauko faifai mai kauri na samfurin da ya fi ƙarfin inji, tare da bakin giyabos da bakin farfela da suka dace da shi, domin tazarar ramukan da kaurin notunan sun bambanta.

Ƙara girman kuros da sauya farfela

A motocin Amurka akan tashi daga kuros mai lamba 1310, wanda kofinsa ke da faɗin milimita 27, zuwa mai lamba 1350 mai kofin milimita 30. Na tsere yawanci ba shi da ramin ɗura giris, domin ramin yana rage ƙarfin ƙarfen. Akan kuma sauya farfelar ƙarfe da ta alminiyam ko ta zaren kabon. Waɗannan sun fi sauƙi, suna jure gudu mai yawa kafin su fara lilo, kuma ta kabon idan ta karye tarwatsewa take yi ta zama zare-zare maimakon ta huda ƙasan mota. Hukumar tseren gajeren zango ta Amurka, NHRA, tana wajabta wa motoci masu sauri sa zoben ƙarfe kewaye da farfela, wanda bai wuce inci 6 daga kuros na gaba ba.

Riba da hasara

Mahaɗi mai tauri yana sa mota ta amsa totur nan take, kuma yana jure zafi da baƙin mai. Ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Abin da ake rasawa shi ne kariya: faifan roba ya fi giyabos da aksul araha nesa ba kusa ba, kuma idan nauyi ya yi yawa shi ne ke fara sadaukar da kansa, kamar yadda fis ke ƙonewa don ya tsare wayoyin lantarki. Idan aka cire shi daga wannan matsayi, abin da ya fi rauni a bayansa shi zai karye, ko haƙoran giya, ko sandar aksul, ko kujerar inji. Don haka injiniyoyi ke duba layin gaba ɗaya, daga kuloci har zuwa taya, kafin su taɓa guda ɗaya.

A Najeriya

Tsarin bututun da ake yabo a Corvette da Porsche 944 ba baƙo ba ne ga makanikan Arewa. Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, farfelarta tana cikin bututun ƙarfe ne da ya haɗa giyabos da aksul na baya. Bututun yana tare ƙura da ruwa da duwatsu, yana kuma ɗaukar murɗar da aksul ke yi idan mota ta tashi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa motar ta jure hanyoyin Afirka. Ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, samfurinta mai ƙofa biyu da injin silinda shida kuma ya sake lashe shi a 1978. Kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Turai.

Daga shekarun 1990, shigowar motocin tokumbo ta canza aikin gareji. Golf da Sharan da ƙananan Toyota da Honda duk da tayoyin gaba suke ja, don haka matsalar kan shaf da robarsa ta zama ruwan dare. Hiace da Hilux da Canter da manyan motoci kuwa sun ci gaba da farfela mai kuros, tsofaffin Marsandi kuma da faifan roba. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano tana cikin manyan wuraren da ake sayen waɗannan kayayyaki, sabbi da na hannu, kuma daga nan ƙananan dillalai na garuruwan Jigawa da Katsina ke saro nasu.

A yankin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Ƙananan hukumomin Kazaure, Roni da Gwiwa na masarautar Kazaure, da Babura da ke gabas da su, suna arewa maso yammacin jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a ranar 27 ga Agusta, 1991. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Dambatta da Kazaure zuwa Daura da iyakar Nijar ta ratsa yankin, wata kuma ta bi ta Babura zuwa Babban Mutum. A nan ba ƙarfin inji ne ke cin mahaɗi ba, lodi ne da yanayin hanya, amma dokar ɗaya ce da ta motocin gudu.

Motocin da ke kwaso gero da dawa da gyaɗa da riɗi daga ƙauyuka zuwa kasuwanni sukan ɗauki fiye da ƙa'ida. Don mota ta ɗauki lodin, masu a-kori-kura da bas sukan ƙara ganyen sifirin a baya. Wannan yana ɗaga bayan mota idan babu kaya, sai kusurwar kuros ta ƙaru, kuma ta gaba ta daina daidaita da ta baya. Sakamakon shi ne kuros yana mutuwa da wuri, mai mota ya yi ta sauyawa yana zargin kayan da ya saya, alhali kusurwa ce ta ɓaci. Maganinta shi ne a auna, a sa siririn ƙarfe mai gangara tsakanin sifirin da aksul, ko a ɗan sauke boris na tsakiya.

A wuraren yashi kamar ƙasar Babura, idan mota ta kafe direba yakan yi ta gaba da baya da ƙarfi, wannan kuwa shi ne bugu mafi muni ga kuros da kan shaf, musamman idan sitiyari a karye yake. A wuraren duwatsu na Kazaure da Roni, dutse kan lotsa farfela ko ya fizge ƙarfen balans. Da damina ruwa da laka suna shiga duk robar da ta tsage su wanke giris, da hunturu kuma ƙura tana cakuɗa da giris ta zama kamar sanfefa. Ƙaya da karan dawa ma suna huda robar shaf a hanyoyin gona.

Akwai kuma farfelar tarakta, wadda ke juya injin sussuka ko na feshi daga bayan tarakta. Tana da kuros biyu, kuma gudunta na ƙa'ida juyi 540 ne a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa. Ana sa mata wani noti mai laushi da aka yi shi don ya karye idan injin ya cije. Sauya shi da noti mai tauri don a huta da karyewa yana mayar da asarar kan giyar tarakta. Cire murfin robar da ke kewaye da ita kuma yana da haɗari ƙwarai ga mai babbar riga ko mayafi.

Yawancin makanikan yankin a gareji suka koyi aiki a hannun iyayen gidansu, kuma suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, NATA. A ɓangaren karatun fasaha akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021.

Alamomin lalacewa

Ƙarar ƙwas idan an sa giya ko an ɗaga ƙafa daga totur: kuros ya yi lako-lako ko faifan roba ya yage.
Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas idan ana shan kwana a hankali: kan shaf na waje ya ci.
Rawar mota idan an taka totur, wadda ke ɓacewa idan an saki: kan shaf na ciki ko boris na tsakiya.
Girgizar da ke ƙaruwa da gudu, ana jin ta a kujera ba a sitiyari ba: farfela ta lanƙwashe ko ta rasa balans.
Jan gari kamar tsatsa a bakin kofin kuros: allurai sun bushe suna cin juna.
Giris da ya fantsama a cikin taya: robar shaf ta tsage.
Zaruruwa da suka fito daga jikin faifan roba ko tsaga kewaye da ramukansa.

Ƙa'idojin sauyawa

Kafin a kwance farfela akan yi mata alama da fenti ko alli a kowace mahaɗa, don a mayar da ita yadda take, domin an yi mata balans ne a haɗe. Idan aka zare tsagi mai zamewa, wajibi ne bakunan kuros biyu su koma layi ɗaya. Kusurwar kowane kuros a motar titi an fi so kada ta wuce digiri 3, bambancin na gaba da na baya kada ya wuce digiri 1, kuma kada ta zama sifili, domin allurai suna buƙatar ɗan motsi don giris ya zagaya.

Faifan roba yana da kibiyoyi a jikinsa da ke nuna ɓangaren da kowane rami zai fuskanta. Idan aka juya shi, robar za ta riƙa miƙewa a inda ya kamata ta matsu, sai ta yage cikin ɗan lokaci. Notunansa masu daraja 10.9 ne a yawancin motoci, lambar tana rubuce a kansu, kuma ba a maye gurbinsu da masu 8.8 ko marasa lamba. Ana ɗaure su da sifana mai awon ƙarfin ɗauri gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Yanke farfela da haɗa ta da walda don ta shiga wata mota yana buƙatar injin lez da kuma sabon balans.

Idan robar shaf ta tsage aka gano da wuri, wanke kan shaf da sa sabon giris da sabuwar roba ya wadatar. Idan ya riga ya fara ƙara, to kwarin da ƙwallaye ke bi ya ci, giris ba zai mayar da shi ba. Ana kuma duba kujerun inji da na giyabos a lokaci guda, domin kujerar da ta mutu tana karkata giyabos ta kashe sabon mahaɗi.

Haɗari

Idan kuros na baya ya tsinke, farfela tana faɗuwa ta riƙa dukan ƙasan mota, tana iya fasa tankin mai ko ta tsinka bututun birki. Idan na gaba ne ya tsinke abin ya fi muni, domin bakin farfela yana iya cakar ƙasa ya ɗaga bayan mota ya kifar da ita, musamman idan tana gudu da lodi ko fasinja. A mota mai ja da tayoyin gaba, karyewar kan shaf tana katse ƙarfi gaba ɗaya, kuma motar ba za ta tsaya a kan gangara da giya kaɗai ba sai da birkin hannu. Kusan duk waɗannan suna ba da alama ta ƙara ko girgiza makonni kafin su auku.

Duba kuma

Giyabos
Kuloci
Fijo 504
Kasuwar Ƙofar Ruwa
Masarautar Kazaure